Sunan Ɗan Fari a Bakin Tambaya

Tudun Magarya, ta Bunkure
9 ga Janairu

Zuwa ga ɗana Habibullahi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, kai da iyalinka da abokan zamanka na kasuwa, da fatan Ikko tana bi da ku a hankali. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Gwiwata ta hagu ta daina jin maganata, kunnena kuwa ka san shi, tun bara ya ajiye aiki bai yi mini sallama ba. Shi ya sa in ka bugo waya nake miƙa wa na kusa da ni. Wannan takarda Muhammadu Sani direba zai kawo maka tare da lodin tumatirin Kwanar Gafan. In ka ji ta da tsami, daga kwando ne, ba daga bakina ba.

Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne, mun dawo da mahaifiyarka Tambaya gida ranar Talata, ba da izininka ba. Ni na sa hannu. Kada ka ga laifin ƙanwarka Ummul-Khairi, ita kuka kawai ta yi ta naɗe tabarma.

Na san kai ka nema mata gado a asibitin birni, kuma a lokacin ka yi daidai, don tun da ta fita takabar Malam Mika'ilu ta bar ci, ta bar magana, sai kallon bango. Amma ka ji abin da ya faru a sati ukun nan. Likitan matashi ne mai ladabi, har ƙasa yake gaishe ni. Kowace safiya yakan zo da takarda ya auna hankalinta da tambayoyi. Yau wace rana, ta faɗa. Wane gari muke, ta faɗa. Yaya sunan mijinki, shiru. Yaya sunan ɗanki na fari, sai ta ja mayafi ta ba shi baya. Sai ya rubuta ta manta mijinta, ta manta ɗanta. Ummu na tsaye, nauyin likita ya hana ta gyara masa magana. Ranar da aka maimaita tambayar karo na biyar a gaban mata ashirin, Tambaya ta yi jifa da kofi. Aka rubuta ta fara duka, aka ƙara magani.

Da na samu shiga ranar Juma'a, a 'yar sa'ar da ake barin maza, na tarar da matar da ke yini sunkuye a fangalin albasa tana kwance, yawu na bin haɓarta, ƙugunta ya fara salewa. Ba ta san azahar ba, ba ta san la'asar ba, don a ɗakin ba a ganin rana. Ka san ni da ita taubasai ne ta wajen kakanni, tun muna tsirara muke tsokanar juna. Na ce, taubashiya, an ce kin shigo birni neman miji. Matar da ba ta taɓa barin maganata ta kai ƙasa ba, ko ido ba ta ɗaga ba.

Na tare likita na yi masa karatun da ba a yi masa a makaranta ba, cewa a wajenmu mace irin Tambaya ba ta kama sunan miji, ba ta kama sunan ɗan fari, ko da wuƙa a wuya. Ya ce shi ma ɗan fari ne, amma uwarsa da sunansa take kiransa har da ƙari. Allah ya yi masa albarka, bai ja da ni ba. Shi ne ma ya gaya mana akwai tsarin da ake duba tsofaffi masu irin wannan ciwo a gida. Wata malamar jinya, Khadijat, daga ƙaramin asibitin da ke kusa da mu, za ta riƙa zuwa Litinin da Alhamis, tana ba shi labari ta waya, shi yana gyara magani.

Kai ne babba, magana taka ce. Ina roƙonka ka bar ta a ɗakinta.

Wassalam. Kawunka,
Iliyasu

Legas
20 ga Janairu

Kawu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, ina fatan gwiwa da sauƙi. Mu ma lafiya, sai autata da ta yi zazzaɓi ta warke.

Kawu, ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci. Baba a gida ya rasu, ana jiƙa masa saiwa ana cewa da sauƙi, har ranar da aka kira ni jana'iza. Ban so a maimaita mini haka da Inna ba. Kuma daga gidanmu zuwa bakin kanal taku nawa ne? Mai rikitaccen hankali kusa da ruwan da ke shanye namiji tsaye, wa zai tsare ta? Ummu tana da miji da 'ya'ya huɗu da gonarta. Mijin nata Nasiru mai haƙuri ne, amma ba wanda ya auri mace don ta koma gidansu jinya.

Maganar suna kuma, ni ban ga laifin likita ba. Shekarata hamsin da biyu. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kaka, ban ƙara kwana a ɗakin Inna ba. In na zo gaishe ta, da ƙeyarta nake gaisawa. In za ta aiko mini saƙo sai ta ce a gaya wa yayanku na Kurmi. Na san al'ada ce, ba sai an koya mini ba. Amma in baƙo ya ga haka ya ce ta manta ni, ban san da me zan ƙaryata shi ba.

Ba zan tsallake maganarka ba. Ta zauna zuwa ƙarshen kakar tumatir. In ta ƙara rikicewa, ko ta cutar da kanta ko wani, zan zo da mota da kaina. Ummu in na bugo ba ta da magana sai da sauƙi, saboda haka kai ka riƙa rubuto mini gaskiya.

Ɗanka,
Habibu

Tudun Magarya
24 ga Fabrairu

Ɗana Habibullahi,

Sallama da gaisuwa, da barka da sauƙin auta. Nan alkama ta fid da kai, tumatir ya yi yawan da har awaki sun fara yi masa yanga. Gwiwa tana nan yadda ka san ta. Faɗanka na karɓa, ban ajiye shi a zuci ba, wanda ya binne uba bai gan shi ba yana da hakkin faɗa.

Ka ce gaskiya, to ga ta da zaƙinta da ɗacinta.

Malama Khadijat 'yar gajeriya ce, a bayan ɗan acaɓa take zuwa, jakarta ta kusa finta girma. Ranar farko ba ta tambayi Tambaya komai ba. Ta zauna a tabarma ta ce a ba ta wuƙa da kwandon tumatir, ita ba ta iya yankan kauɗa ba, tana son koya. Ta yi ta yanka shi a karkace, wani kauri wani kamar takarda, ina kallo na san da gangan ne. Ba a ci rabin kwando ba Tambaya ta fizge wuƙar ta ce, "Wace uwa ta haife ki?" Maganarta ta farko ke nan cikin kwana goma sha biyu. Yanzu kullum da hantsi ita ke yanka, Ummu na shanyawa, in an gama Ummu ta ɗauke wuƙar.

Ƙwayoyi biyar ta dawo da su, yanzu biyu take sha. Malama ta kafa mana dokoki kamar sabon hakimi. Kada a yi gardama da ita. Kada 'yan dubiya su cika ɗaki. Kada ta ci abinci ita kaɗai. Mafi girma, kada kowa ya ƙara yi mata tambayar gwaji, irin su kin gane ni, wane ne wannan. Ta ce duk tambayar da ta kasa amsawa tsoro take bar mata, tambayar ta wuce, tsoron ya zauna. Matan maƙwabta shida sun raba kwanaki don Ummu ta riƙa leƙa gidanta. Nasiru ya sa sakata can sama a ƙofar da ke kallon kanal.

Duk da haka ta fita sau ɗaya, ta zaure, Ummu na daka. Ni na same ta a matakalar da mata ke wanki, ƙafafunta cikin ruwa, tana wanke hular marigayi. An dai ce kada a ja ta. Na lallaɓa na zauna kusa da ita har ta gama ta matse. Ta dube ni ta ce na tsufa na yamutse kamar kauɗar bara. Ban taɓa jin daɗin zagi kamar ran nan ba. Zauren ma yanzu an sa masa sakata.

Akwai abu ɗaya da na bari ƙarshe, don hannuna bai so rubuta shi ba. Juma'ar da ta wuce, mata uku na zaune sun zo dubiya, ta ɗaga murya ta kira sunanka. Sau uku, har ni mai mataccen kunne na ji. Ta ce a duba ko ka ci abinci. Matan suka sunkuyar da kai, Ummu ta shige ɗaki. Kai ɗan garin nan ne, ka san abin da wannan ke nufi, ba sai na ƙara ba.

Kawunka,
Iliyasu

Legas
5 ga Maris

Kawu,

Barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibadarmu. Duk muna lafiya.

Na karanta ƙarshen takardarka a bakin mota ana sauke kaya, sai da na nemi buhu na zauna. Na sake karantawa a gida, na karanta wa mai ɗakina Hajara, ita ma ta yi hawaye. Ashe ina ranta, Kawu. Ashe da hankalinta ya dawo ni ta fara nema. Kai ka fi ni gaskiya, gidan ne maganinta, na janye maganar mota.

Da na yi niyyar zuwa cikin watan nan in gani da idona. Tunda sauƙi ya samu haka, ga kasuwa tana tsakiyarta, zan bari sai bayan babbar Sallah in zo in daɗe. Ka miƙa godiyata ga Malama Khadijat da matan unguwa.

Ɗanka,
Habibu

Tudun Magarya
18 ga Mayu

Habibullahi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu muna raye.

Wannan ita ce amsa ta biyu. Ta farko na rubuta ta ranar da taka ta iso, na ba Muhammadu Sani. Zafi ya sauko da wuri, tumatir ya yanke, motarsa ta koma jigilar albasa wata hanyar. Jiya ya zo ya tsuguna ya miƙo mini ita, ya tsinto ta a aljihun mota. Wata biyu ina zaton ka karanta, ina cewa shirunka na baƙin ciki ne, a bar shi ya haɗiye. Na tambayi Ummu me ya hana ta gaya maka a waya, ta ce duk ka bugo muryarka cike da murna, ta kasa.

Laifina ne. Na yi maka kara irin ta tsofaffi, na faɗi rabin magana na bar maka rabi, na manta shekara talatin kana cikin mutanen da ke faɗin komai ɓaro-ɓaro. Yau zan faɗa haka.

Tambaya ba don ta warke ta kira sunanka ba. Danga ce ta faɗi. Macen da ta riƙe suna shekara hamsin a bayan haƙora ba ta sakinsa sai in abin da ke riƙe da shi ya saki. Matan nan ba don daɗi suka sunkuyar da kai ba. Tun daga lokacin sunan Malam Mika'ilu ma ta kama, tana cewa me ya tsare shi a gona. Tana cin tuwo gaban Nasiru, surukin da a da ko ruwa ba ta sha a gabansa. Azumi ya zo ya wuce ba ta sani ba.

Likitan ya zo da kansa sau ɗaya, bakinsu ya zo ɗaya da Malama. Ciwo biyu ne, ɗaya bisa ɗaya. Na sama damuwa ce, ita magani da gida sun ɗauke ta. Da aka ɗauke sai aka tarar da mantuwa a ƙasa, ita kuwa ba ta komawa baya, sai dai a rage mata gudu.

Ban ce maka gida aljanna ce ba. Ba ta riƙe fitsari, Ummu ke wanki safe da yamma. Ta ce Ummu ta sace mata tasoshi, tasoshin da ta rabar da hannunta tun auren Ummun. Ranar Lahadi ta maka mata muciya a goshi, sai da Malama ta ɗinke. Matan nan shida sun koma biyu, kowa na gyaran gonar shinkafa, ban ga laifinsu ba. Nasiru kuwa gaisuwarsa ta gajarta.

Saboda haka sharaɗinka ya cika, ta rikice kuma ta cutar da wani. Ba zan ɓoye don ra'ayina ya ci ba. Ra'ayina dai bai sauya ba. A nan tana ci, ta san ƙofar ɗakinta, ta san akuyarta, in ladan ya kira takan tashi ta yi salla, ko da raka'a biyar ce. A can gado za ta sani, shi kaɗai. Amma ba goshina aka fasa ba, kuma ba ni ne babba ba.

Ko da mota ko ba mota, ka zo yanzu. Sati biyu ke nan ba wanda ya ji sunanka a bakinta. Malama ta ce za ta ɗauki hoton wannan takarda ta turo maka ta waya yau ɗin nan, dabarar da da na san da ita da ban dogara da direba ba.

Kawunka,
Iliyasu

Legas
29 ga Mayu

Kawu,

Na iso lafiya, na tarar da su lafiya. Ka yafe mini, na baro ka ban yi maka bayani ba. Kana zaune a bakin ƙofar ɗakin ka ga bakinmu na motsi ba ka ji ba, ni kuma maganar ba wadda zan iya ɗaga murya da ita ba ce.

Ka ga na zo da shatar mota. Da na ga ɗinkin goshin Ummu na gama yanke shawara. Na yi sallama na shiga ina jiran ta juya baya yadda ta saba. Ba ta juya ba. Ta dube ni cikin ido, ran nan na san tana da ɗan tabo a ƙarƙashin idon hagu. Ta ce sannu da zuwa baƙo, daga ina. Na ce daga Ikko. Sai ta washe, ta sa Ummu ta dama mini fura, ta kama wuyan hannuna. Ta ce tana da ɗa a can, yana sayar da tumatir, dogo ne kamar ubansa, ba ya cin miyar kuɓewa. Ban san ta sani ba, ban taɓa cin abinci a gabanta ba.

Can sai ta matso ta rage murya. Ta ce, "Baƙo, in ka koma ka nemo mini shi. Ka ce an taɓa kai ni wani gida mai gadaje da yawa, ba rana, ba kiran salla. Ka ce kada ya yarda a mai da ni. Shi ne babba, in ya hana an hanu."

Na ce, "Inna, Ikko da girma. Yaya sunansa, in neme shi?"

Kawu, don kaina na tambaya, ba sai na ɓoye maka ba. Ta buɗe baki. Ta dubi Ummu, ta dubi rufin ɗaki, leɓenta na motsi. Na san shirun kunya, a cikinsa na girma, wannan ba shi ba ne. Nema take ba ta samu ba. Da ta ga ta rasa sai ta saki hannuna ta fara kuka. Malama Khadijat ta zo ta rungume ta, ta dube ni ta ce a hankali, ai an hana yi mata tambaya. Abin da likita ya yi mata cikin rashin sani, ni na yi shi bayan ka rubuto mini dokar da hannunka.

Shi ne ka ga na fita na sallami direba ya koma da motarsa ba kowa.

Na zauna da Nasiru da Ummu. Hajara za ta taho da ƙananan yara bayan Sallah ta zauna har kaka, Ummu ta koma ɗakinta. Ni zan riƙa biyo mota duk ƙarshen wata. Ban san ko zai isa ba. Malama ba ta yi mini alkawari ba, ta ce gaba ta fi baya nauyi.

Abu ɗaya nake so ka rubuto mini. Ranar nan ta Juma'a, kai ka ji. Yaya ta faɗe shi?

Ɗanka,
Habibu

Tudun Magarya
3 ga Yuni

Ɗana,

Sallama. Ruwan farko ya sauka, an fara dashen shinkafa. An cire ɗinkin Ummu.

Cikakkensa ta faɗa, Habibullahi, yadda aka raɗa maka, ba ta gutsure komai ba. Tana jan ƙarshensa, irin kiran da ake yi wa wanda ya yi nisa a gona rana ta take. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Tun da ka tafi, kullum sai ta tambaya ko baƙon nan ya kai saƙo. Mu ce ya kai, an amsa, ba inda za a kai ki. Ta yi hamdala, kafin la'asar ta sake tambaya. Ranar da ka zo ta ji tsayuwar motar nan, ba ta manta ƙarar ba ko da ta manta komai. Yanzu duk motar da ta tsaya kusa da gida sai ta kama ƙafar gado, a yi ta lallashi kafin ta saki.

In za ku zo, kai da Hajara, ku sauka a titi ku ƙaraso da ƙafa.

Kawunka,
Iliyasu